Kwana Biyar na Kaltume a Gefen Teku

Da hantsi wayar ta shigo. Kaltume tana tsakar gida tana tsince shinkafa, mijinta Malam Ubaidullah kuma yana kan tabarma a gindin darbejiya yana gyara bangon wani tsohon littafi. Shekara biyu ke nan da ya ajiye aikin koyar da Larabci a wata sakandare ta Tambuwal. Mai kiran autarsu ce, Zulfa, wadda ta shekara huɗu a Afirka ta Kudu tana karatun digiri na uku, ita da mijinta Sirajo. Malam ya danna wayar yadda kowa zai ji, ya ajiye ta a kan tabarma.

Bayan gaisuwa Zulfa ta ce ta gama, za a yi bikin yaye su a watan Oktoba, kuma ta fara shirya musu takardun tafiya su biyu. Suka yi ta hamdala. Sai ta ce, "Baba, akwai wani abu kuma. Kusa da mu akwai gandun daji na gwamnati a bakin teku. Akwai hanyar ƙafa a cikinsa, kwana biyar ana tafiya, ana kwana cikin tanti. Tun bara munka kama wurin mutum huɗu, sai abokan tafiyarmu sunka fasa. Ko za ka zo mu tafi da kai? Inna sai ta huta gidan maƙwabciyata, mutuniyar kirki ta."

Kaltume ta ajiye faifan shinkafa a hankali.

"Ke Zulfa, wa za a bari gidan maƙwabta?"

"Inna, tafiya ta mai wuya. Hawa da gangara, ga kaya a baya."

"Ina da shekara goma sha biyu nika ɗauko kwandon busasshen kifi daga Kebbe zuwa kasuwar Tambuwal, ni da innata, da ƙafa. Baban naki da kika gayyata, in za shi masallacin Juma'a mashin shika hawa."

Malam ya yi gyaran murya ya ce ai masallacin da nisa. Zulfa ta yi dariya har wayar ta yi ƙara, sannan ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: su fara sabawa da tafiya tun yanzu, kullum, da kaya a baya.

Washegari bayan sallar asuba suka fara. Kaltume ta ari jakunkunan makaranta biyu na jikokinta, ta auna gero mudu uku-uku ta zuba a ciki. Damina ta yi nisa, gero ya rufe gonaki har ya fi mutum tsawo. Suka kama hanyar Jabo, Malam a gaba da sandarsa, ita a baya. Ba su yi nisa ba wani ɗan acaba ya taka birki a gefensu.

"Malam, lafiya? Mashin ya lalace?"

"Lafiya lau, motsa jiki muka yi."

Mutumin ya dubi jakar yara a bayan tsohon malaminsa, ya dubi Kaltume, ya ja mashin ɗinsa yana waiwaye. Kafin su koma gida mutum bakwai ne suka tsaya musu. Cikin mako guda labari ya zagaya unguwa. Wasu suka ce likita ne ya sa su, wasu suka ce aikin Hajji suke shiryawa. Da Kaltume ta faɗa wa matan da ke zuwa sayen ƙuli-ƙuli a gidanta cewa za su shiga jirgin sama su je wata ƙasa don su yi tafiyar ƙafa, sai suka yi ta tafa hannu suna dariya. Wata ta ce, "Ga ƙafa, ga hanyar Sanyinna, mi ya kai ku jirgi?"

Wata biyu suka yi a haka. Geron ya tashi daga mudu uku zuwa biyar. Malam ya rage tumbi, ya daina haki. Kaltume kuma ta shirya guzuri: ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin kunun tsamiya, yaji, da garin kuka. Ta so ta haɗa da kilishi, Zulfa ta ce ba za a bar nama ya wuce filin jirgi ba.

An yi bikin lafiya. Da aka kira sunan Zulfa, Kaltume ta saki guɗa irin ta mutanen Kebbe a cikin babban zauren, ta ɗauka za a harare ta, sai ga wasu mata baƙaƙe a bayanta sun amsa da irin tasu guɗar. Kwana uku bayan haka mota ta sauke su huɗu a ƙofar gandun dajin.

Wani ma'aikaci mai gajeren wando ya zaunar da su ya yi bayani, Zulfa tana fassarawa. Duk abin da suka shiga da shi su fito da shi, ko ledar alewa. Kada su ɗauki komai na dajin. Su ci abinci a wuri ɗaya saboda birai. Ya ba su takarda mai nuna lokutan da teku ke cika da lokutan da take janyewa, ya ja layi a ƙarƙashin rana ta huɗu. Ran nan, in ji shi, za su ƙetare wani kogi daidai inda yake shiga teku, kuma ba a ƙetare shi sai ruwa ya janye.

Kaltume ta sa wando a ƙarƙashin zanenta, da gajeren hijabi, da takalmin kambas da Zulfa ta saya mata. Suka shiga cikin itatuwa masu duhu. Tun kafin su ga komai take jin wani ruri kamar na manyan motoci a kan titin Sakkwato. Sai hanyar ta karya kwana, itatuwan suka ƙare.

Ga teku a gabansu. Malam ya cire hularsa ya riƙe a hannu, leɓunansa suna motsi da tasbihi. Shekara talatin yana karanta wa ɗalibai labarin bahar a littattafai, yau ga shi. Ruwan ya tafi har ya haɗu da sama, yana tasowa kamar bango yana faɗuwa a kan baƙaƙen duwatsu, farin kumfa yana tashi sama. Kaltume ta sauka a hankali har inda ruwan ke lasar yashi, ta tsoma yatsa ta kai baki. Ta yamutsa fuska.

"Wanda ya yi miyar ga ya cika hannu da gishiri," ta ce.

Tafiyar ranar farko gajeriya ce. Da la'asar suka isa zangon farko, wani fili mai ciyawa a bayan duwatsu, da famfon ruwa da wurin hura wuta. Sirajo da Zulfa suka kafa tanti biyu. Malam ya ce shi kam da ruwan teku zai yi alwala, ya halatta, kuma bai taɓa samun damar aiki da wannan hukuncin ba. Ya dawo gemunsa yana ɗiga, idanunsa sun yi ja, yana murmushi kamar wanda aka yi wa kyautar doki. Da za su tayar da salla ya juya gabas yadda ya saba, sai Sirajo ya nuna masa wayarsa cikin ladabi.

"Baba, nan alƙibla tana wajen arewa."

Malam ya tsaya ya yi tunani, ya zana ƙasa da sandarsa, ya sa ɗigo nan ya sa ɗigo can. "Allahu akbar," ya ce. "Mun biyo ta ƙarƙashinta ke nan." Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, har bayan sallama yana ta maimaitawa.

Matsala ta taso wajen cin abinci. Shekara shida da auren Zulfa, Kaltume ba ta taɓa kiran sunan Sirajo ba, ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce "maigidanki" ko "yaron ga". Shi ma in ya shiga gidansu a Tambuwal daga bakin ƙofa yake durƙusawa, idonsa a ƙasa. Yanzu ga tukunya ɗaya, ga wuta ɗaya. Da Zulfa ta zuba taliya da kifin gwangwani, Kaltume ta ce ita ba ta jin yunwa. Sirajo ya gane, ya ɗauki kwanonsa ya zagaya bayan wani dutse. Nan take yunwar Kaltume ta dawo.

Rana ta biyu ta fi wuya. Hanyar takan hau tudu har sai sun ga teku a can ƙasa kamar shimfiɗaɗɗen shuɗin zane, sannan ta gangaro har ruwa ya fantsamo musu, sannan ta sake hawa. Malam ya ƙirga matakalan katako ɗari biyu da wani abu a hawa ɗaya, ya bar ƙirgar. Kaltume kuwa ta gaji da jakar a baya, ta naɗa gammo da ɗankwali ta ɗora ta a ka, ta wuce gaba hannayenta suna lilo. Wasu Turawa biyu da suka cim musu a hanya suka roƙi izinin ɗaukar hotonta. Ta ce a faɗa musu su bari ta gyara hijabi tukuna.

Da azahar suka zauna cin abinci a bakin wani rafi mai ruwa ja kamar shayi. Sirajo ya ɗauki burodinsa da ƙullin dakuwa ya nufi bayan wani kurmi. Ba a jima ba suka ji ihu. Sai ga shi a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, bayansa kuma wani ƙaton gwaggon biri ya hau dutse ya zauna, burodin a hammata, yana kwance ƙullin dakuwar da yatsu kamar mutum. Ya ɗanɗana, ya tsaya, yajin ya kama shi, ya yi atishawa, sannan ya ci gaba da ci.

Zulfa ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa. Kaltume ta rufe baki da hijabi, kafaɗunta suna rawa. Da aka natsu Sirajo ya koma ya tsinto takalminsa da ledar da birin ya yar, Malam kuma ya yanke hukunci.

"Kunya abu na mai kyau, amma larura ta fi ƙarfinta. Daga yau wuri ɗaya za a ci. Kaltume, in kin so ki juya baya."

Haka aka yi. Ta riƙa zama ta ba su baya tana fuskantar teku, tana ci, tana sa baki a hira ba tare da ta waiwayo ba. Da yamma ta dama kunun tsamiya, ta zuba kofi mafi girma ta tura shi gefe da hannu, ta ce wa Zulfa, "Ba maigidanki, biri ya cuce shi."

Rana ta uku sassauƙa ce, mafi yawanta a kan tudu mai gajerun itatuwa da furanni. Zulfa da Sirajo suka yi gaba. Hanyar ta yi faɗi, sai Kaltume ta ga Malam ya rage sauri har sun jera kafaɗa da kafaɗa. Ta rage nata saurin don ya wuce, shi ma ya ƙara ragewa.

"Malam, ka wuce mana."

"Wa za shi gan mu? Birai?"

Suka tafi a jere. Shekara talatin da takwas da aure, ba ta tuna ranar da suka taɓa tafiya haka ba. Ko dai yana gaba tana baya, ko yana tuƙa mashin tana riƙe da kaya. Da farko ta rasa abin da za ta yi da hannayenta.

Suna kan wani tsauni sai ta ga wani abu baƙi ya taso daga cikin ruwa, can nesa kaɗan, ya fi motar haya tsawo. Ya fesa ruwa sama, ya juya, ya ɗaga wutsiya mai faɗin ƙofar zaure ya nutse. Wani ƙarami ya biyo shi a gefe.

"Inna lillahi! Malam, ka gani?"

"Na gani," ya ce. "Irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa ke nan. Kullum in ina ba yara labarin, a raina ina auna shi da giwan ruwa. Ashe ban san komai ba."

Suka zauna a kan dutse suna jira ya sake fitowa. Nan Kaltume ta shiga ba shi labarin mahaifinta, masunci, wanda ya taɓa ganin ayu, dabbar ruwan nan mai wuyar gani, sau ɗaya a gulbi ya yi shekara arba'in yana ba da labarin. Ta gaya masa yadda yakan ɗora ta a kan gora tun tana 'yar shekara biyar ya tura ta cikin ruwa, da yadda ita da 'yan'uwanta mata sukan yi tseren ninƙaya in sun je wanki, ita ce kullum ta ɗaya.

Malam ya juyo ya dube ta sosai. "Ke kin iya ruwa?"

"Ba a haifi wanda ya fi ni ba a unguwarmu."

"Shekara talatin da takwas ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Kuma wane gulbi ke akwai a gidanka, in ba randa ba?"

Ya yi dariya. Can ya ce, "To, ci gaba. Mi kuma ban sani ba?" Ta ci gaba. Sai da Zulfa ta dawo nemansu, ta same su zaune suna cin ƙuli-ƙuli, Malam yana tambayar sunayen kifayen gulbi ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta huɗu suka tashi da sassafe, domin takardar ta nuna ruwa zai gama janyewa da ƙarfe ɗaya, kuma akwai tafiya mai tsawo kafin kogin. An yi ruwan sama a kan duwatsu kafin wayewar gari, hanya ta yi santsi, gwiwar Malam ta fara ciwo. Duk da haka suka isa da sha biyu da rabi.

Kogin ya fito daga tsakanin manyan duwatsu biyu, ruwansa ja, ya bazu a kan yashi kafin ya shiga teku. Raƙuman ruwa suna shigowa suna tura shi baya. A ɗaya gaɓar ana hango alamar hanya, fentin rawaya a jikin dutse. Akwai kuma wani allo da ke nuna wata hanya mai hawa tudu, ta wanda ya kasa ƙetarewa. Wanda ya bi ta ya fita daga dajin ke nan, tafiyarsa ta ƙare.

Sirajo ya kasa tsayawa wuri ɗaya tun da suka hango ruwan. Zulfa ta matso kusa da uwarta ta raɗa mata cewa bai iya ruwa ba ko kaɗan, kuma tun yana yaro wani abokinsa ya nutse a tafki a gabansa. Shi ya sa ya so a yi ta ta ƙare. Ya nuna inda kogin ya fi ƙunci, daidai saitin fentin.

"Nan ya fi kusa, Baba. Taku ashirin mun fita."

Kaltume ta dubi wurin. Ta sauke jakarta, ta cire takalmi, ta bi gaɓar tana kallo. Ta tsinci wani busasshen reshe ta jefa a wurin da Sirajo ya nuna. Ruwan wajen lumui yake, baƙi, ba ko motsi a samansa, amma reshen ya wuce kamar an fizge shi. Ta gangara wajen teku inda kogin ya yi faɗi, ruwan yana ƙyalƙyali yana 'yan tsalle-tsalle a kan yashi. Ta jefa wani reshen, ya tafi a hankali yana juyi.

Ta dawo ta tsaya kusa da Zulfa, ta yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Gaya ma maigidanki, inda ruwa ya yi shiru nan rami yake. Mashigi shina can, inda ruwan ke dariya. Ya fi nisa amma ba shi wuce ƙugu. Kuma a dakata, bai gama sauka ba."

Ta kafa wani tsinke a bakin ruwan, suka zauna. Bayan kamar rabin awa ruwan ya ja baya ya bar tsinken da taku biyu. Ta tsaya tana ƙirga raƙuman ruwa, ta lura manya sukan zo uku ko huɗu a jere, sannan a sami sauƙi. Suka sa jakunkuna cikin manyan ledoji suka ɗaure. Kaltume ta ɗaure zanenta tamau a kan wandon, ta ɗora jaka a ka, ta karɓi sandar Malam, ta yi bisimilla ta shiga.

Sanyin ruwan ya soke ta har ƙashi. Ta ja ƙafa a kan yashi ba ta ɗagawa, tana dafa sanda, jikinta a karkace. Ruwan ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya tsaya nan. Sai ƙafafunta suka tuna abin da suka sani tun tana yarinya. Ta fita a ɗaya gaɓar, ta ajiye jakar, ta dawo tana murmushi. Ta kama hannun Malam ta ƙetarar da shi, yana salati tun daga wannan gaɓa har waccan. Zulfa ta bi sawunsu da tata jakar.

Saura Sirajo. Zulfa za ta koma, uwarta ta ce ta zauna ta kula da gwiwar babanta. Kaltume ta sake shiga, ta tsaya a tsakiya, ta yafito shi da sanda ba tare da ta dube shi ba. Ya shigo, jaka a ka, yana taku ɗaya-ɗaya. Ya zo daf da ita ke nan sai ga jerin manyan raƙuman ruwa. Na farko ya doke shi a ƙirji. Ya tsaya cak, idonsa a kan ruwan da ke gudu, ya fara tangaɗi, jakar tana zamewa. Zulfa ta ƙwalla kira daga gaɓa, bai ji ba.

"Sirajo!"

Ya ɗago a firgice. Surukarsa ce, ta cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da bai zata ba, tana kallon tsakiyar idonsa.

"Sirajo, bar kallon ruwa, dube ni. Buɗe ƙafafunka. Ga wani nan tafe, in ya zo ka ɗan tashi da shi. Yawwa. Saura ɗaya. Yawwa, ɗana. To, ja ƙafa, mu tafi."

Haka ta ja shi har yashi ya fara tasowa a ƙarƙashinsu. Da suka fita ya zube a ƙasa yana haki, sannan ya fara dariya, dariyar da ta haɗu da hawaye. "Na gode, Inna. Allah shi saka da alheri."

Sai a lokacin Kaltume ta tuna abin da ta yi. Ta saki hannunsa kamar garwashi, ta ja jiƙaƙƙen hijabinta ta rufe fuska.

Malam yana zaune yana matse hularsa. "Ni dai kunnena ya toshe da ruwa," ya ce. "Zulfa, wane suna na ji an kira har sau biyu?"

"Malam, ka bari!" in ji Kaltume daga cikin hijabi.

"A'a, tambaya nika yi."

Suka yi dariya har cikinsu ya ƙulle, su huɗu, jiƙe sharkaf a kan yashi, rana tana busar da su. Da yamma a zango na ƙarshe Kaltume ta tuƙa tuwon garin masara a 'yar tukunyar, ta kaɗa miyar kuka da sauran kifin gwangwani. Ta zauna za ta juya baya, ta yi rabin juyawa, sai ta ce wuyanta ya gaji, ta zauna daidai.

Rana ta biyar hanyar ta bi ta kan tudu, sannan ta gangaro zuwa wani farin yashi mai tsawon gaske. Suka rataya takalma a wuya suka taka shi da ƙafa, ruwa yana zuwa yana shafe sawunsu. Malam yana ɗingishi amma ya ƙi a karɓar masa jaka. A ƙarshen yashin akwai 'yan gidaje da wani shagon shayi, nan tafiyar ta ƙare. Mai shagon ta tafa musu, ta kawo shayi mai zafi da soyayyen dankali.

Nan ne wayoyi suka dawo da rai, saƙonni suka yi ta shigowa. Kaltume ta ce a kira mata yayanta Ɗangiwa a Kebbe, wanda ya gaji sana'ar su daga mahaifinsu. Da ƙyar aka same shi, yana bakin gulbi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ta gaishe shi, sannan ta taka har bakin ruwa ta ɗaga wayar sama.

"Yaya, ka ji? Teku ke nan!"

"Na ji kamar iska. Ina faɗinta ya kai?"

"Ba ta da ɗaya gaɓar, Yaya. Kwana biyat muna bin gefenta ba mu ga ƙarshenta ba. Na ga kifin da ya fi ɗakinka girma, da ɗansa."

Ɗangiwa ya auna maganar. "To, madalla. Wane iri kunka kama?"

"Ba mu kama ba. An hana, gandun gwamnati na."

"Ko ɗaya?"

"Na gwangwani munka ci."

"Kaltume," in ji tsohon, "ɗiyar masunci, kwana biyat a bakin ruwa, kina cin kifin gwangwani. Kada ki faɗi haka in kin zo Kebbe, za a yi muna dariya."

Ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Ta kashe wayar tana share hawayen dariya, ta koma wurin shayinta kafin ya huce.